Jinyar Fulgencio

Wani ne a unguwarmu a Sochimilko. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu muna gaisawa. Sana'arsa tuƙa jirgin ruwa, irin masu fentin nan da ake zagawa da baƙi a magudanai. In yana riƙe da gorar tuƙi a kan ruwa ba mai ja da shi. Amma da ya tako ƙasa, sai ka ce a jirgin ya baro hankalinsa.

Matarsa Herlinda furanni take sayarwa a kasuwa, kuma tana da aholote guda a akwatin gilashi a falo. Kun dai san aholote. Shi ba kifi ba, shi ba ƙadangare ba. Yana kwance a ƙasan ruwa da 'yan ƙafafunsa huɗu, ga jar geza a wuya wadda da ita yake numfashi, fuska kullum da murmushi kamar ya san wani sirrinka. Nata fari ne, ta raɗa masa sunan kakanta, Fulgencio. A gidan nan mijin ba ya ganin kofin safe sai Fulgencio ya karya.

Ana nan sai ƙanwarta ta haihu a garin Puebla, Herlinda za ta je ta yi kwana goma. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta tana ba shi doka.

"Tsutsa biyu kullum da safe. Kada ka ɗaga labule rana ta taɓa shi. Kada ka sa masa hannu. Kada ka yi masa waƙa."

Ya ce, "Waƙa kuma me ta yi?"

Ta ce, "Ba waƙar ba, muryar."

Ta yi taku biyu ta juyo. "In na dawo na tarar da ko ƙwarzane a jikinsa, ka naɗe tabarmarka ka koma jirgi da kwana. Ba wasa nake ba."

Ya san ba wasa take ba.

Kwana biyu lafiya lau. A na uku aka kwarara zafi, shi kuma ya ɗaga labule don ya sha iska, ya fita aiki ya manta. Washegari da ya leƙa akwatin sai ya ga wani farin abu kamar auduga ya fito a gezar Fulgencio. Ya goge gilashin da hannun riga. Abin yana nan. Ya goge idonsa. Abin yana nan. Ya zura takalmi sai kemis ɗin bakin titi.

Ya tarar da layi, ya ratsa ya wuce gaba. Ya ce wa matar da ke sayar da magani, "Ki yi haƙuri 'yar'uwa, Fulgencio ne ba lafiya."

Ta ce, "Ayya. Me ya same shi?"

"Wani farin abu ne ya fito masa a wuya, kamar auduga."

Ta jawo takarda da biro. "Shekararsa nawa?"

"Uku."

"Allah sarki. Yana cin abinci?"

"Yau dai tsutsa ɗaya ya ci, ya bar ɗaya."

Ta ɗago kai. "Ya ci me?"

"Tsutsa. Da ma biyu yake ci. In an dace da masu ƙiba, guda ɗaya da rabi ta ishe shi."

"Wa yake ba shi?"

"Matata. Yanzu ta yi tafiya, ni nake ba shi."

Ta ajiye biron a hankali. "Jikinsa da zafi?"

"Ina zan sani? An hana ni taɓa shi."

"Shi bai faɗa maka inda yake masa ciwo ba?"

"Wa, Fulgencio? Tun da aka kawo shi gidan nan bai taɓa cewa uffan ba. Yana dai kwance a ƙasan ruwa yana murmushi."

"Tun yaushe yake cikin ruwan?"

"Ai na faɗa miki. Shekara uku."

Matar nan ta kafe shi da ido, hannunta yana lalubar waya a ƙarƙashin kantar. Allah ya taimake shi akwai wani tsoho a layin da ya san gidan. Tsohon ya ce, "Ajiye wayar, 'yata, kada ki tayar da 'yan sanda a banza. Aholoten matarsa yake nufi." Ya juya ga mutumin. "Kai kuma ka bi bayan coci, akwai likitar dabbobi, Citlali. Ka fara gaya mata cewa dabba ce kafin ka gaya mata sunansa."

Mai kemis ta ce, "Kuma ko kai ne ba lafiya, ka aiko wani."

Ya koma gida ya kwashi Fulgencio da ludayi, don dokar kada a sa hannu tana nan, ya zuba shi a tukunyar miya da ruwansa, ya rufe, ya rungume har asibitin.

Likita Citlali ta buɗe tukunya ta haska da 'yar fitila. Ta ce, "Fumfuna ce. Ruwan ya yi ɗumi, shi kuma ba ya son ɗumi. An zo da wuri, zai warke. Ka saurare ni da kyau."

Tana fara bayani sai wayarsa ta yi ƙara. Herlinda. Ya ɗauka, kunne ɗaya wajen likita, ɗaya wajen matarsa.

"Yaya Fulgencio?"

"Garau yake. Ƙiba ma yake yi."

"Kukan kare nake ji. Ina kake?"

"A jirgi. Wani baƙo ne ya zo da karensa."

"Da kyanwa?"

"Babban iyali ne."

Kafin ya gama shirga ƙarya likita ta gama bayani. Abin da ya tsinta kalmomi uku ne: shayi, firij, kwana bakwai. Ta miƙa masa takarda ta ce ta rubuta komai. Rubutun likita kuwa kun san shi, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai.

Ta ce, "Ka gane?"

Ya ce, "Sarai."

Ya je gida ya mayar da Fulgencio akwatinsa. Ya dafa baƙin shayi, ya ɗauko kofin da ba a fito da shi sai an yi baƙi, ya zuba, ya ajiye a gaban gilashin. Ya jawo kujera ya zauna yana jira. Fulgencio ya kalli kofi, ya kalle shi, ya ci gaba da murmushi.

Ya ce, "Haba ɗan'uwa. Magani ne."



Ya ɗebo a cokali ya kai bakin ruwan. Fulgencio ya juya masa wutsiya.

Ya ce, "To kalle ni. Haka ake yi." Ya kurɓa ya lumshe ido. "Ka gani? Ba ɗaci."

Wajen koyarwar nan sai da ya shanye kofi biyar. Da ya ga butar ta ƙare kuma mara lafiya bai ɗanɗana ba, ya kira likita.

"Likita, ya ƙi sha."

"Wa ya ƙi shan me?"

"Fulgencio. Shayin. Ko in ɗan sa masa sukari? Kaɗan dai, don ya ja hankalinsa."

Likita ta ce, "Bawan Allah, wanka na ce. Ka dafa shayin zalla, ka bar shi ya huce sarai, ka sirka da ruwa, ka tsoma shi a ciki minti goma. Bayan nan ka sa shi a roba mai murfi da ruwa mai tsabta, ka lulluɓe da tawul don haske, ka ajiye a ƙasan firij. Ba wajen ƙanƙara ba. Maimaita mini."

Ya maimaita.

"Sake maimaitawa."

Ya sake.

To, wannan karon ya yi daidai, kada in ci haƙƙinsa. Kullum da safe wanka, a canza ruwa, a mayar firij. Wurin da ya samu ya ajiye robar kuwa tsakanin albasa ne da lemun tsami, ga barkono a gefe. Kwana uku farin ya fara ja da baya. Mutumin har ya fara taƙama a tashar jirgi, yana ba abokan aiki shawara kan ciwon gwiwa.

A rana ta huɗu ya dawo daga aiki da la'asar, yunwa kamar ta kayar da shi. Yana buɗe ƙofa ƙamshi ya tare shi. Ga tukunya a kan murhu, cike da tamal, wato ƙullun masara da nama a ciki, naɗe a ɓawon masara, har yanzu da ɗuminsu. Ya san aikin surukarsa ne, Doña Eustolia, don ita kaɗai ke da makullin gidan. Shekara goma sha biyu yana auren 'yarta, ba ta taɓa kiransa da suna ba, sai dai "mai gora". Ya ce a ransa yau kam tsohuwa ta tuna da shi.

Ko zama bai yi ba ya kware ɗaya. Nama fari, ga laushi, ga yaji daidai. Ya kware na biyu ya lashe yatsa. Sannan ya tuna da mara lafiya, ya buɗe firij don ya gaishe shi.

Ga albasa. Ga lemun tsami, har an yanka rabi. Barkonon ya ragu. Roba babu.

Ya fito da komai na firij ɗin ya zube a ƙasa. Ya leƙa wajen ƙanƙara. Ya leƙa bayan firij. Yana miƙewa ya ga takarda a kan tebur, an danne ta da gwangwanin gishiri.

"Mai gora, na buɗe firij na ga abin da ka ɓoye a tawul. Na yi abin da ya kamata. Ga tamal nan, ka ci da zafinsa."

Ya karanta sau uku. Sai ya tuna hirar da tsohuwar nan take yi a kowane biki, yadda lokacin tana yarinya babanta yake jawo aholote da koma kwando-kwando, a naɗe a ɓawon masara da barkono a turara. Kullum da abin da take rufe hirar: nama fari, ga laushi, kaza ba ta kama ƙafarsa ba.

Ya kalli ɓawon masara biyu a farantinsa. Ya dafa cikinsa. Ya zauna a ƙasa cikin kayan miya.

Ya kira wayar tsohuwa, a kashe. Da ma ba ta kunna ta sai Lahadi, wai kada caji ya ƙare. Gidanta tsallaken ruwa ne, ba nisa a jirgi. Amma ya je ya ce me? Mama, jikanki kika dafa? Ya fasa.

Yana cikin share hawaye ya ga ɗan ƙaramin ƙashi a gefen farantin. Nan dabara ta zo masa. Kowa a garin nan ya san in ƙafar aholote ta gutsure, wata take fitowa. To in jiki yana fitar da ƙafa, me zai hana ƙafa ta fitar da jiki? Ya wanke ƙashin tas, ya saka shi a akwatin gilashi, ya sauke labule. Har tsutsa ya jefa masa, ko da zai farka da yunwa.

Sai ga wayar Herlinda.

"Yaya Fulgencio?"

"Yana nan. Kusa da ni ƙwarai."

"Ana dai ci?"

"An ci."

"Kana kula da shi ko kana can kana yawo?"

"Wallahi yanzu duk inda na sa ƙafa muna tare."

"Me ya samu muryarka?"

"Shaƙuwa ce. Mun shaƙu."

Ta kashe wayar.

Washegari ƙashi yana nan yadda yake. Ya je wanke fuska, ya kalli madubi, sai ya ga fari-fari a gefen kunnuwansa, dama da hagu, daidai inda geza take fitowa. Bai taɓa lura da shi ba. Ya ji cikinsa ya motsa. Ya ji wuyansa yana ƙaiƙayi. Zufa ta keto masa, ya kira likita.

"Likita, tambaya ce da ni. Wannan fumfunar, in ta kama babba fa?"

"Maganin ɗaya ne. Yaya girmansa?"

"Zai yi kilo casa'in."

Ita kuwa tana tsakiyar yi wa wani kare allura. Ta zaci zolaya ce, ta ce, "In ka samu mai kilo casa'in, sai ka nemi baho," ta ajiye waya.

Mutumin bai ga abin zolaya ba. Ya je kantin unguwa ya kwashe ganyen shayin da ke kan kanta kaf. Mai kanti ya ce, "Rasuwa aka yi?" Ya ce, "An yi." Ya biya wajen masu kifi ya ɗauko ƙanƙara buhu guda. Ya jawo babban bahon wankin Herlinda tsakiyar falo, ya yi ta dafa shayi tukunya-tukunya yana juyewa har ya cika. Firij ba zai ɗauke shi ba, ya gwada, don haka ya juye ƙanƙarar a ciki. Ya sauke labulaye duka, ya tuɓe sai gajeren wando, ya shiga, ya lulluɓe kansa da tawul.

Likita ta ce minti goma ga mai tsawon tafin hannu. Ya yi lissafin nasa girman, ya ga sai dai ya wuni.

Ita kuwa Herlinda tun daga wayar jiya hankalinta bai kwanta ba. Ta bar mai jego, ta hau motar safe. Da ta sauka ta fara biyawa gidan uwarta, suka taho tare.

Da rana tsaka makulli ya juya. Haske ya shigo falo. Herlinda ta tsaya da jakarta a hannu. Ga firij a buɗe, ga albasa tana yawo a ƙasa, ga gida yana ƙamshin shayi kamar tashar mota. A tsakiyar falo ga baho, a cikin baho ga wani abu lulluɓe da tawul, haƙoransa suna kaɗawa.

Ta ɗaga tawul ɗin da yatsa biyu.

Ya ɗago ido, leɓɓansa sun yi shuɗi, jikinsa ya rine kamar sabuwar fatar jima. Ya ce, "Herlinda, ki yafe mini. Na ci Fulgencio."

Ta ce, "Ka ci wa?"

"Ban sani ba sai da na haɗiye. Yanzu ga shi ciwonsa ya kama ni. Dubi gefen kunnena."

Ta duba. "Furfura ce. Shekara biyu ke nan tana nan."

Doña Eustolia ta shigo daga bayanta, rungume da kwanon ƙasa an rufe da ƙyalle. Ta ajiye a kan tebur ta yaye ƙyallen. Ga Fulgencio kwance a ƙasan ruwa, gezarsa ja wur, ba ɗigon fari, yana murmushi.

Mutumin ya kalli kwano, ya kalli cikinsa, ya sake kallon kwano.

Tsohuwa ta ce, "Na zo kawo maka abinci, na ga yaron 'yata a tsakanin albasa da lemun tsami. Na san ka, mai gora. Wata rana za ka dawo da yunwa. Shi ya sa na ɗauke shi na kai ɗakina mai sanyi, na ci gaba da yi masa wankan shayinsa."

"Ya aka yi kika san da shayin, Mama?"

"Na karanta takardar likita."

"Ana iya karanta ta?"

"In an juyo ta daidai."

Ya ce, "To naman fa?"

"Kaza."

Herlinda ta je za ta mayar da Fulgencio akwatinsa, sai ta tsaya. "Wannan ƙashin fa da ke cikin ruwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina jira ne ya tsiro."

Tsohuwa ta ce, "Ki bar masa. In ya ƙara kwana biyu wataƙila ku samu zakara."

Herlinda ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ta kalli idanunsa da suka kumbura don kuka, ta kalli yadda yake karkarwa, sai tausayi ya kama ta. Ta ce, "Ashe dai kana son shi." Ta ɗauko bargo ta yafa masa, ta ce bari ta ɗumama masa tamal ko jikinsa ya dawo.

Ta buɗe tukunya. Ba komai sai ɓawon masara, an jera su tsaf.

Ta ce, "Mama, guda nawa kika yi?"

"Goma sha huɗu."

Ta juyo ta kalli mijin. "Kai kuma ka ci nawa kafin ka ga takardar?"

"Biyu."

"Sauran sha biyun fa?"

Ya ja bargo ya rufe kafaɗa, ya ce, "To ai ya riga ya mutu. Sai in bar shi ya lalace?"